Sanyi a Tsakiyar Bazara

Talata, 4 ga Mayu, 1999. Hantsi.

Jiya aka yi suna. Yau gidan ya yi tsit, sai ƙudaje a kan tabarmin da ba a naɗe ba, da ƙamshin man da aka soya naman rago. Na nemi takarda ban samu ba sai littafin da nake shirya darasi, to a bayansa zan riƙa rubutu. Gaba darasin ilmin halittu na 'yan aji biyar, baya kuma ni, Malama Safiyyah, a kwance.

Kwana takwas ke nan da haihuwa. Daga asibiti ba a mai da ni ɗakina na Tarauni ba, nan Gyadi-Gyadi aka kawo ni wankan gida, tunda haihuwar fari ce. Gwaggo Lami, ƙanwar Baba, ita ke yi mini wanka safe da yamma. Tana tafasa ruwa a garwa, ta tsoma ganyen darbejiya ta riƙa fyaɗa mini. Ta ce shekara talatin tana wankan masu jego, ba ta taɓa ganin wadda ba ta gudun ruwan zafi ba sai ni. "'Yar boko ce fa, amma ko motsi ba ta yi," haka ta gaya wa Inna. Ni zafin ne bai ishe ni ba. Sanyi nake ji. Mutane na kwana a tsakar gida, kajin Inna sun buɗe baki suna haki, ni kuwa ina cikin bargon Baba.

Yarinyar tana ɗakin Inna. Ba zan rubuta sunanta ba. 'Yar fari ce, ni kuma 'yar gidan nan ce. Inna ta shekara talatin da huɗu ba ta kira sunan Yaya Safara'u ba, da "waccan" take cewa, da aka yi mata aure ta koma "waccan ta Hotoro".

Ruwan nono bai zo ba tukuna. An ce zai zo.

Alhamis, 6 ga Mayu. Bayan azahar.

Gwaggo ta shigo da kwalin ashana, da kiyashi uku a ciki. Wai za a tatsi nono a cokali a jefa su, in sun fito da rai nonon lafiya yake, in sun mutu sai a nemo masa magani. Ta matsa, ta murza, har na ga taurari da rana tsaka. Ko ɗigo. Ta tsaya da cokali a hannu ɗaya, kwali a ɗaya, tana duban su. Daga ƙarshe ta je gindin bango ta buɗe kwalin ta ce, "Ku tafi, yau kun tsira." Na yi dariya, dariyar ta gajiyar da ni har na yi barci.

Da na farka Yaya Safara'u ta zo daga Hotoro, da Usaid ɗan wata biyar a bayanta. Yarinyar tun safe take kuka, ruwan dabino ya daina yaudararta. Yaya ko mayafi ba ta cire ba ta karɓe ta. Kukan ya ɗauke. Ta bayan labule ina jin ƙarar haɗiya, ƙut, ƙut, ƙut.

Gwaggo ta ce, "Shi ke nan, an ɓata mini aure. Na riga na haɗa su a raina, yanzu sun sha nono ɗaya." Kowa ya yi dariya. Ni na ja bargo.

Asabar, 8 ga Mayu. Da safe.

Kunun kanwa kofi uku, gumbar gero, ruwan hulba, ƙauri. Babu.

Litinin, 10 ga Mayu. La'asar.

Na juya littafin na karanta darasin ƙarshe da na koyar kafin hutun haihuwa. Rubutuna ne, amma sai na ga kamar wata ƙaƙƙarfa ce ta yi shi.

Ga abin da na gaya wa 'yan matan. Jiki hanya biyu gare shi ta aika saƙo. Ta farko jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka. Wannan kamar ki leƙa ta katanga ki ƙwala wa maƙwabciya kira ne, nan take ta ji, nan take ta amsa, shi ya sa kike janye hannu daga murfin tukunya kafin ki san kin ƙone. Ta biyu sinadaran da ake kira homon, waɗanda wasu 'yan ƙulle-ƙulle na cikin jiki ke zubawa a jini. Su kuma kamar aika kwanon tuwo ne, sai ya zaga ta lungu, ya ɗan daɗe, amma in ya isa ana jin sa har gobe. Na zana musu uwar ɗakinsu a allo, fituwitari, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar wake, tana rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ita ke aika wa saura umarni: na maƙogwaro ya hura wutar jiki, na kan ƙoda ya riƙe ƙarfin jini da sukari, mama kuma ya

A nan na rufe littafin.

Na tuna Ladi ta kujerar baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to in ita uwar ɗakin ta yi barci fa?" Aji ya fashe da dariya. Na ce ta zauna, ta cika surutu.

Na ɗan gyangyaɗa. Sai ga ni a ajin, zanen waken ya faɗo daga allo yana gangarawa ƙarƙashin kujeru. 'Yan matan suna ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya yana wucewa, ba mai magana. Na durƙusa ina lalube. Ƙasan ajin duk ruwa ne mai ɗumi, na ji daɗinsa har na manta abin da nake nema.

Laraba, 12 ga Mayu. Bayan la'asar.

Maigidana, Malam Junaid, ya zo. A soro ya tsaya, ba ya shiga cikin gidan surukai. Daga ɗakina zuwa soro taku ashirin da shida ne, yau na ƙirga. Na huta sau biyu, ɗaya a jikin randa, ɗaya a jikin turmi, ina yi kamar gyara zani nake.

Ya ce, "Ya jikin?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Ya baƙuwar?" Na ce tana nan. Shi ma ba ya kiran sunan. Sai ya shiga ba ni labarin ofis, ana ta haɗa fayil-fayil saboda ranar ashirin da tara sojoji za su miƙa mulki, an yi wa bango fenti, kowa na tambayar wa za a kawo musu. Yana magana yana shafa cikin gwiwar hannunsa, inda aka soka masa allura. Ɗaya daga cikin ledojin jini huɗun da aka ƙara mini tasa ce. Ba mu taɓa zancen waccan Litinin ɗin da na haihu ba, ni da shi. Abin da na riƙe daga ranar kaɗan ne: fitilar silin tana nisa tana nisa, da muryar wata tana cewa a kawo wani bokitin.

Da zai tafi ya ce, "Kin yi fari." Na ce jego ne. Ya ji daɗi, ya tafi.

Juma'a, 14 ga Mayu. Ana kiran sallar Juma'a.

Yau raina ya ɓaci, kuma ba ni da ƙarfin da zan ɓata shi sosai.

'Yan barka sun zo, da Hajiya Zainab ta gidan kusa a gaba. Ta ɗauko yarinyar ta ce bari ta gwada ni, ta miƙo mini ita. Wallahi na so in karɓa. Na ce wa hannuwana su tashi, suka ƙi. Ɗakin ya fara juyawa a hankali, sai na mai da fuska bango don kada in faɗi a gabansu. Sai guɗa. "Kai, Hajiya, kin yi tarbiyya! 'Yan yanzu har sumbatar 'ya'yan fari suke a gaban mutane, amma dubi wannan, ko kallo." Gwaggo tana ta washe baki kamar ita aka yaba.

Yarinyar ta wuce ta gabana a hannun mutum biyar. Na ga tafin ƙafarta kawai.

Lahadi, 16 ga Mayu. Rana tsaka.

Sanyi. Na sa safar Baba.

Talata, 18 ga Mayu. Bayan azahar.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. In yarinyar ta yi kuka, ko da ɗaki biyu ne tsakaninmu, ko barci nake, kafin in gane kukan wa nake ji sai ƙirjina ya ɗaure, wani abu kamar tsinin allurai ya bi ta ciki, marata ta murɗa. Sai in sa hannu in taɓa rigar. A bushe.

Ɗazu gida ya kwanta hutun rana. Yaya ta koma Hotoro ɗebo kaya, Gwaggo na minshari a rumfa. Na bi bango na shiga ɗakin Inna. Yau na fara ganin yarinyar da kyau. Kunnenta na dama yana da 'yar lanƙwasa irin ta Baba. Na sa mata yatsa a tafi ta damƙe, na san aikin laka ne, kowane jariri haka yake yi ko sanda ka sa masa, ni na koyar da wannan, amma duk da haka na ce a raina ta san ni. Na zauna a ƙasa na jawo ta na sa ta a mama. Ta kama da ƙarfinta. Ta ja, ta ja, alluran nan suka taso har na runtse ido. Ta saki, ta dube ni, ta sake kamawa, sannan ta tsandara kukan wanda aka yi wa ƙarya.

Na ji tarin Inna a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba. Sai da na mai da ita na fito, sannan ta wuce ni tana duban wani wuri, ta ce, "Rana ta yi, a shiga da shanya."

Alhamis, 20 ga Mayu. Kafin magariba.

Sun ɗauka barci nake. Yanzu kullum haka ake ɗauka, kuma yawanci gaskiya ne.

A gindin tagata suka zauna, Inna da Gwaggo da Yaya. Yaya ta ce ita ba ta ƙi ba, amma bas biyu take hawa kullum da goyo, wata rana ta kwana nan ta bar gidanta ba kowa. Gwaggo ta ce magana ai ɗaya ce, ran arba'in in mai jego za ta koma Tarauni, yarinya ta bi mai nono zuwa Hotoro, ta tashi a can. "Da ma 'yar fari ba ta uwa ba ce. Ke Safara'u, ba ni na riƙe ki ba? Me ya same ki? Ita kuma uwar kun ga ko kallonta ba ta yi, ba za ta damu ba." An ce an gaya wa Malam, ya ce duk abin da manya suka gani.

Na jira in ji muryar Inna. Sai ƙarar tsintsiya na ji.

Saura kwana goma sha shida. Ina son 'yata. Ga shi na rubuta, tunda takarda ba ta guɗa.

Asabar, 22 ga Mayu. Hantsi.

Na shirya maganar a bakina tun safe. Gwaggo ta shigo da kunu, na buɗe baki, sai na ji na ce, "Sannu da aiki." Me zan ce? A bar mini ita in ba ta me? Ni da ko kofi sai na riƙe da hannu biyu.

Litinin, 24 ga Mayu. Ban san ƙarfe nawa ba.

Kwanakin sun fara haɗewa. Gwaggo ta taje mini kai, ta nuna mini gashin da ya cika matajin, ta ce na jego ne. Komai na jego ne. Na tashi zaune idona ya rufe, na jego ne. An kawo tuwo na kalle shi kamar hotonsa aka kawo.

Hadari ya taso ta gabas ya tsaya a kan bishiyar maƙwabta, bai zubar ba. Ina kallonsa ta taga sai na ga kamar ni ce a can sama ina leƙen gidanmu, ga garwa tana tururi, ga zannuwan jarirai a igiya, na Usaid manya, nata ƙanana, ga wata mata a cikin bargo an bar ta a ɗaki. Na tausaya mata ƙwarai. Na so in sauko in gaya mata wani abu da na sani, yana nan a shafin gaba, amma nisan ya yi yawa.

Rediyon Baba daga soro: saura kwana biyar, saura kwana biyar. Su nasu suke ƙirgawa.

Alhamis, 27 ga Mayu. La'asar.

Hadiza ta zo. Tare muka yi sakandare, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a asibitin koyarwa, gidansu na bayan layinmu. Ta shigo da tsokanarta, "Ina mai jegon da aka ce ta fi kowa kunya a Kano?" Sai ta ga bargon, ta ga safar, ta daina dariya. Ta koma gida ta ɗauko abin awon jini. Ta ɗaura ta hura, ta saki, ta sake hurawa. Ta ce in tashi tsaye ta auna, ban kai ga tsayuwar ba.

Ta ce, "Safiyyah, leda nawa aka ƙara miki?"

Na ce huɗu.

"Nono bai zo ba ko sau ɗaya?"

Na girgiza kai.

Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Ke fa malamar wannan abin ce." Na ce mata na rufe littafin.

Ta fita wurin Gwaggo ta durƙusa, ta ce gobe da safe a kai ni asibiti. Gwaggo ta ce mai jego ba ta taka ƙofar gida sai ta yi arba'in, saura kwana tara kacal, iska za ta shige ta. Hadiza ta ce, "Gwaggo, don Allah ki yi haƙuri, wannan ba kunya ba ce, ciwo ne." Gwaggo ta ce, "Ke da ko ɓari ba ki taɓa yi ba za ki koya mini jego?"

Ni na raba gardamar. Na ɗaga murya iya ƙarfina na ce a bari a yi arba'in ɗin. Hadiza ta leƙo tana harara ta. Ba ta gane ba. In aka kwantar da ni gobe, gobe za a tafi da yarinyar. Kwana tara na jin kukanta ta bango ba abin da zan yar ba ne.

Litinin, 31 ga Mayu. Hantsi. Asibiti.

Hadiza ta kawo mini littafin. Hannun dama da robar ƙarin ruwa, rubutun zai karkace.

Ranar Asabar abin ya faru, wajen wankan safe. Baba ya ƙure rediyo a soro, maza sun taru ana sauraron miƙa mulki, ina jin tambura da harbin igwa. Gwaggo tana fyaɗa ganye tana cewa ko su waye suka hau, ita dai a sauko da kuɗin kanwa. Sai muryarta ta fara tafiya. Na duba cikin bahon na ga sararin sama a ciki, fari tas, ganyen darbejiya na yawo a kansa. Na sunkuya in duba da kyau. A karo na farko cikin wata guda na ji ɗumi ya ratsa ni har ƙashi, na ce alhamdu lillahi, ashe zai zo.

Sai na farka a nan, jiya da rana. An canja gwamnati ina kwance ban sani ba.

An ce Inna ce ta fita da gudu, ba takalmi ba mayafi, ta ratsa mazan da ke soro ta je ta buga ƙofar su Hadiza. Inna, wadda ko dariya sai ta rufe baki. An ce Gwaggo tana bakin baranda tun ranar, ta ƙi cin komai, tana cewa ita ta dafa 'yar mutane. Na aika a ce mata ba ruwanta ne ya yi ba, ta ci abinci.

Na tambayi Hadiza, "Tana ina?" Ta ce, "Wa?" Tana sane. Na ƙi faɗin sunan. Daga baya ta tausaya mini ta ce tana Gyadi-Gyadi, Yaya ta tare a can har a sallame ni.

Laraba, 2 ga Yuni. Bayan azahar.

Babban likitan dattijo ne mai magana a hankali. Ya juya bayan kati ya zana ƙwayar wake. Na ce, "Likita, na san ta, ni nake koyar da ita." Ya ce to madalla, aikinsa ya ragu.

Ya ce lokacin ciki takan kumbura, ta riƙa bukatar jini fiye da da. Ranar da na haihu, da jinin ya zube, sai ɓangarenta na gaba ya rasa abin sha, yawancinsa ya bushe. Tun ranar babu umarnin da ke fita. Na maƙogwaro lafiyarsa lau, na kan ƙoda lafiyarsa lau, suna zaune suna jiran aiken da ba ya zuwa. Sanyin ke nan, da jirin, da hannuwan da suka ƙi tashi. Ya ce saƙon waɗannan biyun akwai shi a ƙwaya, zan riƙa sha kullum har iyakar raina, kuma ranar da zazzaɓi ya kama ni in zo a ƙara mini ɗaya daga ciki, kada in yi wasa.

Na ce, "Na nonon fa?"

Ya ce, "Wannan babu shi a ƙwaya, Malama."

Na san amsar tun ran goma ga Mayu. Amma ji daga bakin wani daban ne.

Har ya miƙe, na ce ina da tambaya. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, amma na gaya masa zancen alluran nan da ɗaurewar ƙirji in ta yi kuka. Ya koma ya zauna, ya ja layi ya raba waken biyu. Ya ce ɓangaren baya daban ne, shi da jijiya aka gina shi, reshen ƙwaƙwalwa ne, kuma nawa yana da rai. Gaba ke cewa a yi nono, baya ke cewa a matso shi. Kunne ya ji kuka, jijiya ta kai sama, baya ya zuba nasa a jini, mama ya matsa. Ya ce, "Jikinki yana jin ta sarai, kuma yana amsawa. Abin da zai miƙa ne babu."

Na juya bango. Wannan karon kuka na yi, kuma ba wanda ya yi guɗa.

Juma'a, 4 ga Yuni. La'asar. Gida.

An sallame ni da safe. Daga soro zuwa ɗaki ban tsaya a turmi ba, ban tsaya a randa ba. Na ci tuwo malmala ɗaya da rabi. Da rana na ji wani abu na bin bayana, na zabura na ɗauka kiyashin Gwaggo ne suka dawo, ashe zufa ce. Na ninke bargon Baba na mayar masa.

Jakar tana bakin ƙofar Inna, an riga an ɗaure. Zannuwa, da 'yan riguna, da hular da na saƙa da kaina tun cikin yana wata bakwai.

Ɗazu Inna ta shigo ɗakina da faranti tana tsintar shinkafa, abin da ba ta taɓa yi a nan ba. Ta zauna a bakin gado. Ba ni take kallo ba, shinkafar take wa magana. Ta ce, "Ran da aka yaye waccan, Lami ta goya ta ta tafi da ita Unguwar Gano. Na raka su har soro ina dariya. Kwana tara, duk yaron da ya yi kuka a lungun nan sai gaban rigata ya jiƙe. Ina wankewa a ɓoye."

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki ce a bar miki ita ba?"

Ta fitar da wata tsakuwa ta ajiye a gefe. Ta ce, "Da wane bakin?" Ta tashi ta fita da farantinta.

Hadiza ta aiko da ƙaramin kofi da cokali da gwangwanin madarar jarirai. Ta nuna mini tun a asibiti yadda ake tafasa su da yadda ake aunawa. Na ɓoye su a ƙarƙashin gado.

Asabar, 5 ga Yuni. Bayan la'asar.

Arba'in.

An yi ruwa da safe, na farko mai ƙarfi, tsakar gida duk ƙamshin ƙasa. Gwaggo ta yi mini wankan ƙarshe da ruwa mai ɗumi kawai, tana taɓawa da gwiwar hannu sau uku kafin ta zuba. Malam ya zo da tasi yana soro da Baba. Tasin zai fara sauke Yaya a Hotoro, sannan ya kai ni Tarauni.

Na fito na same su a tsaye. Yaya da Usaid a baya, da ita a hannu cikin farin tawul. Gwaggo ta ɗauki jakar. Inna na bakin murhu ta ba mu baya. Hajiya Zainab da mata biyu sun zo sallama. Sai yarinyar ta yi ɗan kuka, ba mai yawa ba, alluran nan suka taso.

Na ce, "Gwaggo, a ajiye jakar."

Ba ta ji ba, ko ta yi kamar ba ta ji ba. Ƙafafuna na rawa, amma rawar tsoro ce, na san bambancinsu yanzu. Na ce, "Hafsah ba za ta Hotoro ba. Ni zan riƙe Hafsah."

Gwaggo ta saki jakar ta kama baki tana salati. Hajiya Zainab ta ce, "A'a! Sunan ma?" Har soro an ji, don rediyon Baba ya yi shiru. Gwaggo ta ce, "Ke Safiyyah, asibitin ne ya cire miki kunya? Da me za ki shayar da ita, da alli?" Na shiga na jawo kofi da cokali da gwangwani na ajiye a kan turmi. Na ce da wannan, kuma in Yaya ta samu hali ta riƙa leƙo mu. Na ce ban taɓa kawar da kai don kunya ba, hannuna ne ya ƙi ɗaguwa, yau kuma ya ɗagu. Na miƙa su duka biyu. Suka tsaya a iska, ba wanda ya motsa. Yaya tana duban Gwaggo, don ita ta raine ta, ba ta iya tsallake maganarta.

Sai Inna ta juyo daga murhu, da muciya a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Safara'u, miƙa mata 'yarta."

Yaya ta tsaya kamar an dasa ta. Ta ce, "Inna, me kika ce?" Inna ta ce, "Kin ji ni, Safara'u." Yaya ta sa mini yarinyar a hannu ba tare da ta dube ni ba, ta tafi da goyonta ta durƙusa a bakin murhu ta kifa kai a gwiwar Inna. Inna tana cewa tashi, tashi, tuwo zai kama, amma ba ta janye ƙafar ba. Gwaggo ta share ido da bakin zani, ta ce gidan nan dai ya lalace, sannan ta kwance jakar ta ciro hular ta sa wa jaririyar da kanta.

Yanzu muna Tarauni. Ɗakin na warin rufi, Malam ya buɗe tagogi yana ta kai da kawo bai san abin da zai yi ba, na sa shi tafasa cokali. Na fara sa ta a mama ta ja iya jan ta, sannan na bi da madarar. Ta ɓata fuska, ta tofar da na farko, ta karɓi na biyu.

Hafsah ta sha cokali ashirin da uku. Hafsah ta yi gyatsa a kafaɗata, ta ɓata mini rigar arba'in. Tana barci a cinyata ina rubutu a kan bayanta, mu biyu duk mun jiƙe da zufa.